Na kulle iyalina sati biyar saboda annoba, yanzu gidan ya rikice

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku: babbar shekararta 11, na tsakiya 7, ƙaramin 3. Mahaifina mai shekara 69 yana zaune tare da mu tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma yana fama da ciwon suga da hawan jini. Wata cutar numfashi ta ɓarke a inda muke, hukuma ta rufe makarantu ta ce a rage cunkoso, amma ba ta hana fita ba. Ni dai tun ranar na rufe ƙofa. Yau sati biyar ke nan ba wanda ya leƙa waje sai maigidana, shi ma don aiki, motar abokin aikinsa suke bi su huɗu. Tagogi a rufe suke dare da rana, duk abin da aka sayo sai na goge shi da bilic, har hannuwana sun tsattsage. Korona ce ta ɗauke mahaifiyarmu a 2021, ban kuwa shirya rasa Baba ba.

Baba da ya saba tattaki kowace safiya yanzu bai cika magana ba, sugansa ya hau, kuma sai ya dafa bango yake miƙewa. Yaron nan na tsakiya ya koma fitsarin kwance, babbar kuma ba ta barci sai da waya a hannu. Maigidana ya ce tsoro ya yi mini yawa, yana so ya riƙa fita da su filin da ke bayan gidanmu, har ma ya ce yaron ya koma ƙwallo da sauran yara. Kwananmu uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Anti, ni ce mai laifi? In na bar su suka fita, wani abu ya sami Baba, ina zan sa kaina?

Wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Mama da rahama, Ya ba Baba lafiya, Ya yaye mana wannan annoba baki ɗaya.

Ba ki da laifi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai gabansa ya faɗi. Cuta irin wannan ce ta raba ki da mahaifiyarki, ga shi an ce wata ta zo, ga mahaifinki a gidanki da shekara 69 da suga da hawan jini, wato yana cikin waɗanda cutar numfashi ta fi yi wa mugun kamu. Duk wanda ya ce tsoronki na banza ne bai san abin da yake faɗa ba. Sai dai na karanta wasiƙarki har sau uku, kuma ga abin da ya tsaya mini a rai: ƙofar da kika tsaya kina gadi da dukkan ƙarfinki ba ta nan cutar ta fi shigowa ba. Hanyar da ta fi sauƙin bi zuwa gidanki tana nan a buɗe kowace safiya, kin ambace ta a wasiƙarki a taƙaice, kika wuce.

Ƙwayar cutar numfashi ba ta yawo a titi tana neman wanda za ta kama. A jikin mutum take zaune, a hancinsa da maƙogwaronsa da huhunsa, kuma tare da numfashinsa take fita: in ya yi tari ko atishawa, in ya yi magana, in ya ɗaga murya, kai ko da numfashin kawai yake yi. Wasu ɗigon da ke fita manya ne, nan kusa suke faɗuwa, shi ya sa ake cewa a ba da tazarar aƙalla mita ɗaya. Wasu kuwa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna iya daɗewa suna shawagi a iska. Ki ƙona 'yar takarda a ɗaki, tagogi a rufe, ki fita ki dawo bayan rabin awa, za ki tarar ƙaurin yana nan. Ki ƙona irinta a fili, kafin ki waiwaya iska ta tafi da hayaƙin. Numfashin mai ɗauke da cuta haka yake. A rufaffen wuri taruwa yake yi, minti bayan minti, kowa na shaƙa. A fili kuwa iska na warwatsa shi har ya zama abin da zai isa hancin wani bai taka kara ya karya ba.

Duniya ta sha wahala kafin ta gane wannan. Ranar 10 ga Maris 2020, kwana ɗaya kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, wasu mawaƙa 61 sun taru a wani ɗakin taro a gundumar Skagit ta jihar Washington a Amurka, suna gwajin waƙa na awa biyu da rabi. Mutum ɗaya ne a cikinsu yake da alamun mura. Bayan haka mutum 52 suka kwanta rashin lafiya, biyu suka rasu. Ɗaki guda, muryoyi a sama, lokaci mai tsawo. Kada kuma ki ɗauka cewa da zarar an fita fili an tsira ko da wane hali. A 1918, lokacin murar da ta kashe miliyoyin mutane a duniya, birnin Filadelfiya ya ƙi soke wani fareti da aka shirya ranar 28 ga Satumba. Mutum kusan 200,000 suka cika tituna kafaɗa da kafaɗa, cikin 'yan kwanaki asibitocin birnin suka cika maƙil. A waje aka yi, amma cunkoso ya cinye amfanin iskar. Shi ya sa a lokacin korona hukumomin Japan, daga baya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, suka taƙaita wa mutane haɗarin a abu uku: rufaffen wuri marar iska, cunkoson jama'a, da kusantar juna ana magana fuska da fuska. Inda ukun suka haɗu, nan ne ramin.

To ki ɗauki ma'aunin nan ki auna filin da ke bayan gidanku da sassafe. Ba rufi, ba cunkoso, ba wanda zai tsaya a gaban Baba yana yi masa magana a fuska. Ko ɗaya daga cikin ukun babu. Yanzu ki auna motar da maigidanki yake shiga: mutum huɗu daga gidaje huɗu, gwiwa na gogar gwiwa, ana hira ana dariya, in da na'urar sanyi gilasai a rufe, safe da yamma, kullum. Ukun duka sun haɗu. Daga nan ya shigo gidan da kika toshe tagoginsa, ya zauna falo ɗaya da Baba. Da zai kwaso cutar, Allah Ya kiyaye, rufaffun tagogin nan su ne za su tara wa Baba ita. Kuma cututtuka irin su mura da korona, mutum yana iya yaɗa su kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alamar komai a jikinsa.

Saboda haka abu na farko, kafin maganar fita ma, ki buɗe tagogin nan yau. Ki buɗe biyu masu kallon juna, ko taga da ƙofa, don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. In sanyi ko ƙura ba za su bari a bar su a buɗe wuni guda ba, a riƙa buɗewa na 'yan mintuna a kai a kai, musamman lokacin da kowa ya hallara wuri ɗaya. Fanka a rufaffen ɗaki juya iskar ciki kawai take yi, sai da taga a buɗe take fitar da ita. Shi kuma maigida, a mota ya sa takunkumi wanda ya kama fuska sosai, ya rufe hanci da baki ba tare da ɓaraka a gefe ba, a sauke gilasai ko da rabi ne, kuma su huɗun su yi wa juna alkawari cewa duk wanda ya tashi da tari ko zazzaɓi ba zai shiga motar ba. In ya dawo, ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ya taɓa kowa. Ranar da ya ji maƙogwaronsa na ƙaiƙayi ko jikinsa ya yi nauyi, kada ya ce bari mu ga gobe: ya nisanci Baba tun daren, ya kwana shi kaɗai in da hali, ya je a gwada shi.

Gogar kaya da bilic kuwa ki daina. A Afrilun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa yiwuwar kamuwa da korona ta hanyar taɓa abin da ƙwayar ta sauka a kai, a mafi yawan lokuta, bai kai ɗaya cikin 10,000 ba. Wanke hannu bayan an ajiye kaya ya wadatar, abin ci kuma ruwa mai tsabta ya ishe shi. Bilic a rufaffen gida shi kansa yana fusata huhu, kuma kada ki taɓa haɗa shi da wani sinadarin wanke banɗaki ko goge ƙasa, domin haɗin na iya fitar da iska mai guba. Hannuwanki ki riƙa shafa musu mai bayan kowane wanki har su warke.

Yanzu bari mu zauna a kan Baba, don shi ne ya fi damuna a wasiƙar nan.

Dafa bangon da yake yi alama ce, kada ki raina ta. Tsokar tsoho ba kamar ta yaro ba ce, in aka bar ta ba aiki cikin 'yan makonni take zubewa, dawo da ita kuma sai an ɗauki lokaci mai tsawo. Ƙafa in ta yi rauni, faɗuwa ke biyo baya, karayar ƙugu ga mai shekarunsa kuwa musiba ce da kan kwantar da mutum watanni. Hawan sugan ma ba abin mamaki ba ne. Tsokar da ke aiki ita ce ke zuƙe suga daga jini, tattakin da ya saba kowace safiya rabin maganinsa ne, an kuma ɗauke masa shi sati biyar. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mai sugan da ya hau bai daidaita ba ya fi shan wuya in cutar numfashi ta kama shi. Wato zaman da ake yi don kare shi yana rage masa ƙarfin da zai tare ta da shi in ta zo. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Ni ma na yi irin wannan kuskuren, shi ya sa nake miki magana da zafi haka. A 2020 mun kulle gwaggona kusan wata uku, muna ganin gata muke yi mata. Ranar da muka ce ta fito ta sha iska, na sunkuya ƙarƙashin gado na jawo takalminta, duk ƙura ta rufe shi. Muka iso bakin ƙofa, inda akwai ɗan tudun da ta tsallaka sau dubu ba tare da ta kalle shi ba. Sai ta tsaya. Ta kama wuyan hannuna ta matse, ina jin yatsunta suna rawa, ta daɗe tana kallon tudun nan kafin ta ɗaga ƙafa. Korona ba ta kama ta ba, alhamdu lillahi, amma ta yi watanni kafin tafiyarta ta dawo yadda take, kuma har yau in na tuna riƙon nan sai zuciyata ta sosu.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka da tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne kawai a rana, kwana biyar a mako. Amma Baba ba zai fara daga nan ba bayan zaman sati biyar. Ya fara da minti goma, a hankali, wani na gefensa, a lokacin da filin ba mutane kuma rana ba ta yi zafi ba. In jiki ya karɓa, a ƙara minti biyar bayan 'yan kwanaki. Ɗan tattaki bayan cin abinci yana taimakawa wajen hana suga yin sama. A gida kuma ya riƙa tashi daga kujera yana komawa sau biyar zuwa goma, yana dafe da abin da ba zai goce ba. Takalmi ya zama rufaffe mai laushi wanda ba ya matsa, a kuma duba ƙafarsa in an dawo, har tsakanin yatsu, domin mai suga kan ji ciwo a ƙafa bai sani ba. In allurar insulin yake yi, ko yana shan maganin da kan saukar da suga ƙasa sosai, a fita da ɗan abu mai zaƙi a aljihu. Rawar jiki, gumi, jiri da yunwar farat ɗaya alamun sugan ya faɗi ne. In ya ji ciwon ƙirji ko numfashi ya gagara, a tsaya nan take a nemi likita. Kuma ki kira likitansa tun yanzu ki gaya masa adadin da kuke gani a na'urar awo. Kada tsoron asibiti ya sa a tsallake ranar ganin likita ko a bari magani ya ƙare. In akwai rigakafin wannan cuta da ke yawo, Baba ne ya kamata ya fara samu a gidan.

Akwai kuma abin da ban gani a wasiƙarki ba. Kin faɗi abin da kike so, kin faɗi abin da maigidanki yake so, amma ban ga inda aka tambayi Baba ba. Mahaifinki ne, da hankalinsa, ya ga annoba ta ɗauke masa matarsa, ya san haɗarin ba sai an gaya masa ba. Shirun da yake yi mai yiwuwa kawaici ne, ba ya son ya ɓata wa 'yarsa rai a gidan mijinta. Mutumin da ya rasa abokiyar zamansa, tattakin safe ba motsa ƙafa kawai yake yi masa ba. Nan yake ganin sama, nan wani zai ɗaga masa hannu daga nesa ya ce ina kwana, ya ji cewa har yanzu yana cikin mutane. Ki same shi shi kaɗai, ki zauna kusa da shi, ki ce: “Baba, tsoro ne ya sa na hana ka fita. Kai me kake so?” Sai ki yi shiru ki saurara.

Yaran ma jikinsu ne ke magana. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma, sau da yawa damuwa ce: makaranta ta tsaya, abokai sun ɓace, uwa a firgice, iyaye ba sa magana. Kada a yi masa faɗa, kada a bari 'yan'uwansa su yi masa dariya. Amma in kin ga yana yawan shan ruwa da yawan fitsari har da rana, ko yana ramewa, ko yana jin zafi in zai yi, a kai shi a gwada fitsarinsa da sugansa ba tare da jinkiri ba. Yara daga shekara 5 zuwa 17 ana so su samu kamar awa ɗaya ta guje-guje kowace rana, kuma hasken safiya shi ke saita wa jiki lokacin barci. Yarinyar da ba ta ga rana sosai ba sati biyar, ba abin mamaki ba ne dare ya zama mata rana. A fitar da ita da safe, a karɓi wayar awa ɗaya kafin kwanciya a sa ta caji a wani ɗaki, a kuma bar ta ta riƙa magana da ƙawayenta da rana, domin a shekarunta rashin ƙawa ciwo ne na gaske. Ƙaramin, ba a tilasta wa ɗan shekara biyar zuwa ƙasa sa takunkumi. Abin da za ki kula da shi a kansa shi ne kada a tsallake masa alluran rigakafin yara da aka saba.

Ki tuna cewa ko a lokacin da korona ta fi tsanani, ƙasashen da suka kafa dokar kulle sun bar ƙofar nan. Birtaniya ta kulle mutane ranar 23 ga Maris 2020, amma ta yarda kowa ya fita motsa jiki sau ɗaya a rana. Sifen ta hana yara fita kwata-kwata na sati shida, sai ga shi ranar 26 ga Afrilu ta ba su awa ɗaya a rana, kusa da gida, tare da babba ɗaya, bayan iyaye da likitocin yara sun yi ta kokawa kan halin da yaran suka shiga. Ke kuwa hukumarku ba ta ma hana fita ba. Dokar da kika kafa a gidanki ta fi ta hukuma tsauri. In wata rana suka ce kowa ya zauna a gida, sai a bi, a koma motsa jiki a tsakar gida ko bakin taga.

Maganar ƙwallo da taron yara kuwa, nan maigidanki ya zarce, aƙalla a yanzu. Gudun ba shi ne matsalar ba. Rungumar juna in an ci, haki a fuskar juna, gorar ruwa ɗaya da ke zagaya bakuna goma, daga nan yaro ya dawo ya haye cinyar kakansa. Yara sukan ɗauki irin wannan cuta da sauƙi har ba a gane ba, su miƙa wa tsoho. Uba da ɗa su buga tsakaninsu, ko a haɗa da yaro ɗaya ko biyu daga gidan da kuka san suna kiyayewa, su ɗin dai kullum ba a canzawa, kowa da gorarsa. Ba a sa takunkumi ana gudu mai ƙarfi, gumi na jiƙa shi ya hana numfashi, tazara ce maganin wurin. In hukuma ta buɗe makarantu, masu kamuwa suka ragu, sai ku sake duba maganar.

Kin ga ke nan kowannenku yana riƙe da rabin gaskiya. Kwana ukun nan sun isa. Ki same shi bayan yara sun yi barci, ki fara da abin da ya yi daidai, don namiji in an ba shi gaskiyarsa kunnensa yakan buɗe: “Ka yi gaskiya a kan fita, na yarda. Ni kuma ina da roƙo biyu, motar nan da ƙwallon taro.” Ki kuma gaya masa abin da kika gaya mini, cewa duk lokacin da Baba ya yi tari Mama kike tunawa. Mai yiwuwa shi taurin kai yake gani, bai san makoki ne ba.

Duk wannan bayani a kan cutar da ke bin numfashi nake yi, kamar yadda kika ce taku take. Masu karatu su lura, kowace ƙwaya da hanyarta. Ebola ta taɓa jini da ruwan jikin marar lafiya ko gawa take bi. Zazzaɓin Lassa yawanci daga fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci da kayan gida. Zazzaɓin shawara da na denge sauro ke kawo su, don haka a lokacinsu mai fita waje sai ya kare kansa daga cizo. Ƙyanda kuwa tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Kafin a ɗauki mataki a fara sanin ta ina cutar take shiga.

In wani a gidan ya kamu duk da haka, fita ta tsaya masa. Mai zazzaɓi ba ya motsa jiki, hutu da ruwa yake buƙata, domin wahalar da jiki a lokacin na iya taɓa zuciya. A ware masa ɗaki mai taga, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi da takunkumi, kuma Baba ya nisanci wurin. Kada a saya masa maganin antibayotik da ka, ba ya kashe bairus. Kada a ba yaro asfirin a irin wannan ciwo, yana iya jawo masa mummunar illa a hanta da ƙwaƙwalwa. Alamun da ba a kwana da su a gida su ne numfashi da ƙyar, ciwo ko nauyi a ƙirji, ruɗewa, leɓe ya canza launi, barcin da ba a iya tashin mutum daga shi, ga yaro kuma numfashi da sauri, haƙarƙari na shiga ciki, ko ƙin shan komai. Baba kuwa, ko zazzaɓi kaɗan ya ji a kira likita ranar, domin ciwo na hargitsa suga, kuma wasu magungunan bairus sai an fara su da wuri suke amfani.

Saura ke. Hannuwan da suka tsattsage ɗin nan sun gaya mini yadda darenki yake. A Maris 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta korona ciwon fargaba da na damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya, don haka ba ke kaɗai annoba ta taɓa ta wannan ɓangare ba. Ki rage bibiyar labari zuwa sau ɗaya ko biyu a rana, daga hukumar lafiya, ki bar saƙonnin muryar da ake turawa a WhatsApp ba a san mai su ba. Ki kira 'yar'uwa ko aminiya ku yi maganar Mama, ki yi kukan da wataƙila hidimar Baba ba ta bar ki kin yi ba. In bayan sati biyu ko uku har yanzu barci na gagarar ki, gabanki na faɗuwa ba dalili, ko kin kasa daina wanke-wanken ko da kina so, ki gaya wa likita kamar yadda za ki gaya masa ciwon kai. Ana maganinsa.

Gobe da safe, bayan kin buɗe tagogi, ki ɗauko takalmin Baba ki kakkaɓe shi. Fitar farko ke za ki raka shi, ba maigida ba, domin ina so ki gani da idonki yadda filin yake a lokacin: mutum nawa ne, ina suke, nawa ne tazarar da ke tsakaninku. Ki ba shi hannunki a bakin ƙofa. Minti goma, ku juyo. Ki riƙa rubuta awon sugansa a takarda kowace rana, bayan sati biyu ki sake rubuto mini, ina so in ji adadin, in kuma ji ko ya fara hira.